Rawanin wata fada: makomar naɗin limamin coci idan ya sauya ɗarika

Ranar 15 ga Janairun 2011, a babban cocin Katolika na Westminster da ke birnin Landan, wasu dattawa uku suka durƙusa a gaban Akbishop Vincent Nichols, ya ɗora musu hannu ya naɗa su firistoci. Sunayensu Keith Newton da John Broadhurst da Andrew Burnham. Abin da ya sa taron ya ja hankali shi ne, har zuwa ƙarshen Disambar da ta gabata dukansu bishop-bishop ne a Cocin Ingila, uwar ɗarikar Anglikan. Su ne suke ɗora wa wasu hannu. Broadhurst kuwa ya haura shekara arba'in yana aikin firist. Amma da Cocin Katolika ya karɓe su ranar 1 ga wata, a matsayin masu bi na gama-gari ya karɓe su. Ranar 13 aka ba su muƙamin dikin, ranar 15 aka mai da su firistoci, kamar waɗanda suka fito daga makarantar horo jiya. Da yake kuma suna da iyali, ƙofar zama bishop a rufe take gare su.

Shekara biyu kafin wannan, a birnin Miami na Amurka, wani firist na Katolika da ya yi suna a talabijin, Alberto Cutié, ya yi irin wannan tafiya amma ta ɗaya ɓangaren: ya bar Katolika ya koma reshen Anglikan na Amurka, ya kuma yi aure. A 2010 aka karɓe shi a matsayin firist ba tare da an sake naɗa shi ba. Hannun da bishop ɗin Katolika ya ɗora masa tun farko ya wadatar.

Ga hanya ɗaya da ta haɗa gidaje biyu, mai zuwa nan ya wuce da rawaninsa, mai zuwa can sai ya tuɓe a bakin ƙofa. Wanda ya kalli abin daga nesa zai iya cewa girman kai ne kawai na gida ɗaya. Akwai ɗan ƙamshin gaskiya a zargin, sai dai bai kai ga tushen maganar ba. Tushen yana ga wata tambaya da Kirista suka shafe ƙarni goma sha bakwai suna jayayya a kanta: me ke faruwa da mutum a lokacin da aka naɗa shi?

Kalmar naɗi kanta daga fada ta fito, daga naɗa rawani. Hakimin da Sarkin Zazzau ya naɗa, hakimi ne a ƙasar Zazzau. In ya yi ƙaura zuwa Katsina za a girmama shi a ba shi wurin zama, amma ba shi da gundumar da zai mulka sai in sarkin can ya ga dama ya naɗa shi, haka kuma wanda ya naɗa shi yana da ikon tuɓe shi. Yawancin ɗarikun Furotesta kusan haka suke kallon naɗin fasto: aiki ne da ikilisiya ta ɗora wa mutum bayan ta gwada kiransa da iliminsa da halinsa. Martin Luther ya bayyana wannan ra'ayi tun 1520, inda ya ce duk wanda aka yi wa baftisma yana da rabo a firistanci, fasto kuwa mai riƙe da muƙami ne, in an sauke shi ya koma manomi ko ɗan gari kamar kowa.

Katolika da Otodoks, da wani babban ɓangare na Anglikan, ba haka suke gani ba. A wurinsu abin ya fi kama da silsila, wadda duk wanda ya san ijazar karatu ko izinin muƙaddami a ɗariƙun sufaye ba zai sha wahalar fahimta ba: wa ya ba ka, shi kuma wa ya ba shi, har a kai ga asali. Bishop ne kaɗai ke naɗa firist, shi kuma bishop wasu bishop-bishop ne suka ɗora masa hannu, a haka har zuwa manzannin Almasihu. Katolika sun ƙara da cewa naɗin yana barin tambarin da ba ya gogewa. Ana iya hana firist aiki, ana iya sallamarsa daga sahun limamai, amma ba a mai da shi wanda ba a taɓa naɗawa ba. Shi ya sa dokar cocin ta yarda ko firist da aka sallama ya saurari tuban wanda ke bakin mutuwa. Abin da ba ya gogewa kuwa ba a maimaita shi. Don haka a lissafin Katolika, abin da ya faru a Westminster ba sake naɗi ba ne, naɗin farko ne.

A Afirka aka fara gwabza wannan muhawara da gaske. Bayan tsanantawar da Sarki Diocletian na Rum ya fara yi wa Kirista a shekara ta 303, an sami limaman da suka miƙa wa hukuma littattafai masu tsarki don su tsira da rayukansu. Da ƙura ta lafa aka naɗa Caecilian bishop na Carthage, a ƙasar Tunisiya ta yau, sai wasu suka ce naɗin ɓatacce ne, domin ana zargin ɗaya daga cikin waɗanda suka ɗora masa hannu yana cikin masu miƙa littattafan. Suka naɗa nasu bishop, rabuwar da ake jingina wa Donatus ta shafe fiye da ƙarni tana cin Afirka ta Arewa. Augustine, bishop na Hippo, garin da yau ake kira Annaba a Aljeriya, shi ya ba da amsar da ta zama doka a Yamma: ingancin abin bai rataya ga tsarkin mai ba da shi ba, domin Almasihu ne ke aikin, limami hannu ne kawai. A ƙarƙashin wannan fahimta an karɓi limaman ɓangaren Donatus da suka dawo a kan muƙamansu. Tun kafin nan ma, taron Nicaea na 325 ya raba hukunci biyu: limaman ɓangaren Novatian su ci gaba da zama limamai in sun dawo, mabiyan Bulus na Samosata kuwa, da yake saɓaninsu ya taɓa ainihin imani, a sake yi musu baftisma a sake naɗa su.

To, in mai zunubi da ɗan tawaye suna iya naɗi ingantacce, me ya hana na Anglikan inganta? Amsar tana cikin wasiƙar da Fafaroma Leo na 13 ya fitar a Satumbar 1896, mai suna Apostolicae Curae. Hujjarsa ba ta tsaya kan cewa an rasa masu ɗora hannu ba. Ta tsaya kan abu biyu da duk wanda ya zauna a zauren fiƙihu zai gane: siga da niyya. A zamanin Sarki Edward na 6, a 1550 da 1552, masu gyaran addini a Ingila sun rubuta sabon tsarin naɗi, suka cire duk lafazin da ke nuna firist mai miƙa hadaya ne a kan bagade. Leo ya ce cirewar da gangan aka yi ta, saboda haka sigar ta gaza, niyyar kuma ba ta yin abin da coci ke yi ba ce. A 1662 an ƙara wasu kalmomi da suka ambaci muƙamin da ake naɗawa, amma a ganinsa an makara: shekara ɗari ta wuce, duk masu ingantaccen naɗi sun mutu, silsila ta yanke. Hukuncinsa shi ne naɗin Anglikan ba shi da inganci ko kaɗan. A 1897 akbishop-akbishop na Canterbury da York suka mayar da martani da Latin, suka nuna cewa tsofaffin tsare-tsaren naɗi na Rum kanta ba su ƙunshi lafuzzan da Leo ke nema ba. In an auna kowa da wannan mudu, gidan Leo ma bai tsira ba. Rum ba ta janye ba. A 1998 Kadinal Joseph Ratzinger ya sake lissafa hukuncin cikin abubuwan da aka yanke har abada.

Wannan lissafi yana haifar da sakamako mai ban mamaki. A 1988 Akbishop Marcel Lefebvre ya naɗa bishop-bishop huɗu bayan Fafaroma ya hana shi ƙarara, aka ayyana cewa sun fita daga tarayyar coci, amma Rum ba ta musa cewa su bishop-bishop ne na gaske ba. Naɗinsu ya inganta ko da yake ya saɓa doka. Akbishop na Canterbury kuwa, wanda ake tarba a Vatican da karramawa, a takarda ba firist ba ne. A Maris na 1966 Fafaroma Bulus na 6 ya zare zobensa na bishop ya ba Akbishop Michael Ramsey. Ba a ba ɗan kallo irin wannan zobe. Tun daga ranar, abin da hannu ke yi da abin da takarda ke faɗa suka rabu, har yau kuma ba su haɗu ba.

An sami wata kafa a bangon. Akwai tsohuwar ɗarikar Katolika ta Utrecht a ƙasar Holan, wadda ta rabu da Fafaroma amma Rum ba ta taɓa shakkar silsilarta ba. Bayan yarjejeniyar Bonn ta 1931, bishop-bishop nata suka fara sa hannu a naɗin bishop-bishop na Anglikan. Da Graham Leonard, tsohon bishop na Landan, ya koma Katolika a 1994, an duba silsilarsa aka ga ta ratsa ta wannan hanya, sai aka naɗa shi bisa sharaɗi, wato in a da ba a naɗa ka ba, yanzu an naɗa ka. Wannan amincewa ce cewa akwai shakku. Amma ba a mai da ita ƙa'ida ba. Ɗaruruwan limaman Anglikan da suka biyo baya, musamman bayan da Cocin Ingila ya amince da naɗa mata a 1992 ya kuma fara a 1994, an naɗa su ne daga tushe, haka ma Michael Nazir-Ali, haifaffen Karachi kuma tsohon bishop na Rochester, a 2021. Abin da aka yi don rage zafin shi ne sanya addu'ar godiya ga Allah saboda hidimar da mutum ya yi a baya. Naɗin mata kuma ya ƙara nisan ratar, domin a 1994 Fafaroma John Paul na 2 ya ce coci ba shi da ikon naɗa mace firist, abin da ke nufin duk wanda bishop mace ta naɗa, zancen Utrecht ba zai cece shi ba.

Mai karatu na iya ɗauka wannan gardamar malamai ce da ba ta shafi kowa ba. Ta shafi mutum mai shekara hamsin da 'ya'ya a makaranta, wanda gidan da yake ciki na coci ne, albashinsa da fanshonsa na coci ne, wanda kuma in ya ƙetare zai iya shafe watanni ko shekaru ba aiki yana jiran hukunci. Ta kuma shafi abin da ya fi kuɗi. Baftismar da ya yi wa jarirai tana nan daram a idon Katolika, auren da ya ɗaura wa 'yan ɗarikarsa ma haka. Amma Jibin Ubangiji da ya riƙa kai wa marasa lafiya a gadon asibiti, da gafarar da ya furta wa masu tuba, me za a kira su? Durƙusawa a karɓi naɗi daga tushe yana kama da sa hannu a kan cewa shekarun nan ba abin da ya zata ba ne. Akwai waɗanda wannan kaɗai ya hana su ƙaura, ko da zuciyarsu ta riga ta tafi.

Duk da haka, adalci ne a ce Rum ba ta yaudari kowa ba. Cocin da ya yi imani cewa gurasa da ruwan inabi suna zama jiki da jinin Almasihu a hannun firist, ba zai iya barin mabiyansa cikin wataƙila ba. In yana shakka, dole ya kawar da shakkar. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne ƙin faɗaɗa naɗi bisa sharaɗi, alhali an yarda da shi ga Leonard, kuma hannun Utrecht ya ratsa silsilar limaman Anglikan da yawa cikin shekara casa'in. Naɗi bisa sharaɗi yana ba mai karɓa tabbacin da yake nema, ba ya tilasta wa mai shigowa ya ƙaryata rayuwarsa. A nan dai tsoron buɗe ƙofar da za ta yi wuyar rufewa ya rinjayi hujja.

Anglikan ma ba su da bakin yi wa Rum dariya, domin abin da aka yi musu shi suke yi wa wasu. Fasto na Methodist ko na Baptist da ya koma Cocin Ingila, sai bishop ya naɗa shi daga tushe. Kan wannan gaɓa shirin haɗe Cocin Ingila da Methodist ya ruguje a 1969, ya sake rugujewa a 1972. Indiya ce ta nuna wata hanya. Ranar 27 ga Satumbar 1947, a Madras, Anglikan da Methodist da wata haɗakar Presbyterian da Congregational suka dunƙule suka zama Cocin Kudancin Indiya. Suka amince cewa duk wanda yake limami a ranar haɗewa limami ne, ba a sake ɗora wa kowa hannu ba, amma daga ranar duk sabon naɗi bishop ne zai yi. Suka ba kansu shekara talatin, lokacin da ya isa tsofaffi su yi ritaya. Taron Lambeth na 1948 ya ja baya da ba su cikakkiyar tarayya, amma cocin ya rayu, yau kuma cikakken ɗan gidan Anglikan ne. Irin wannan haƙuri da rashin daidaito na ɗan lokaci shi ya ba reshen Anglikan na Amurka da babban cocin Lutheran na ƙasar damar musayar limamai tun daga 2001.

Nijeriya ta kusa bin sawun Indiya. Bayan shekaru ana tattaunawa, Anglikan da Methodist da Presbyterian sun tsayar da Disambar 1965 don ƙaddamar da coci ɗaya. Ana dab da ranar sai aka ɗage, bayan da wasu majami'un Methodist na Legas suka garzaya kotu. Wata guda bayan haka sojoji suka yi juyin mulki, yaƙin basasa ya biyo baya, ba a sake komawa teburin da wannan ƙarfi ba.

A Arewa labarin ya ɗauki wani salo. Ikilisiyoyin da suka tsiro daga ayyukan mishan daban-daban, irin su COCIN da EYN da LCCN da HEKAN, sun zaɓi tarayya maimakon haɗewa, a ƙarƙashin TEKAN da aka kafa a 1955, kuma da yawa daga fastocinsu a aji ɗaya suka yi karatu a kwalejin tauhidi ta Bukuru. Ɗalibai biyu da suka zauna a benci ɗaya za su fita, wannan bishop ya ɗora masa hannu a Numan, wancan majalisar ikilisiyarsa ta keɓe shi a Jos. A tsakanin irin waɗannan gidaje ba silsila ce babbar matsala ba. Tambayoyin sun fi karkata ga koyarwa da tsari: baftismar jarirai yake yi ko ta manya, ya yarda da tsarin mulkin wannan ikilisiya, zai amince a tura shi ƙauyen da ba lantarki. A ɗaya gefen kuma ga sababbin majami'u da ke tsirowa a kowace unguwa, inda wanda ya kafa coci shi ne majalisa, shi ne mai naɗi, wani lokaci shi ne ya naɗa kansa.

A nan ne haɗarin da ya fi kusa da talaka yake, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi. Ana ɓata shekaru ana binciken wa ya ɗora wa mutum hannu, ba a ɗaukar awa guda a tambayi me ya raba shi da inda ya fito. Mafi yawan masu sauya ɗarika lamiri ne ke kai su, kuma suna biyan farashi mai tsada. Amma akwai wanda aka dakatar saboda kuɗin baiko da suka yi ɓatan dabo, ko saboda abin da ya yi wa wata yarinya a ƙungiyar mawaƙa, sai ya tsallaka titi ya sami sabon bagade da sabon laƙabi. Ingancin naɗinsa, ko da silsilarsa ta kai har kan Bitrus, ba zai kare yaran sabuwar majami'ar ba. Koyarwar Augustine ta warware matsalar mai karɓar Jibi, wanda bai kamata ya riƙa binciken zuciyar limami ba. Ba ta taɓa cewa majalisar da za ta ba mutum garke ta daina bincike ba.

Abu biyu ne ake cakuɗawa: naɗi da izinin aiki. Ɗarika na iya amincewa cewa baƙo limami ne na gaske, ta kuma hana shi mumbari har sai ta ga takarda daga tsohon gidansa, ta ji ta bakin waɗanda ya yi wa hidima, ta gwada shi shekara ɗaya ko biyu. Ta farko magana ce ta tauhidi, kowane gida da tasa amsa, ba kuma za a tilasta wa Katolika su zama Baptist ba. Ta biyu kuwa ba ta buƙatar a warware rigimar 1896. Sakataren majalisa da wasiƙa ɗaya sun isa, in dai gidan da aka bari zai faɗi gaskiya maimakon ya yi shiru don ya rabu da ƙaya, gidan da ake shiga kuma zai danne murnar samun babban kamu ya karanta abin da aka rubuto. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Magabata sun riga sun hango wannan. Taron Nicaea ya hana limamai yawo daga gari zuwa gari, ya kuma ce bishop da ya ɗauki mutumin wani bishop ya naɗa ba da yardarsa ba, naɗin ba ya aiki. Taron Chalcedon na 451 ya hana a naɗa mutum ba tare da an ɗaure shi ga wata majami'a takamaimai ba, ya kuma hana baƙon limami yin hidima a wani gari sai ya nuna wasiƙar shaida daga bishop ɗinsa. Har yau firist na Katolika da ke tafiya yakan riƙe irin wannan takarda a aljihu, ya nuna ta kafin a bar shi ya hau bagade a garin da ba a san shi ba. Sai dai takardar a cikin gida kawai take aiki. Tsakanin ɗarika da ɗarika, inda aka fi buƙatarta, ba dokar da ta wajabta wa kowa ya rubuta ta, ba kuma dokar da ta wajabta wa kowa ya nema.